Tarkon Alkama: Littafin da Ya Kamata Ɗalibanmu Su Fara da Shi

Wata jikata da ke shekarar farko a jami'a, tana karatun ilimin zamantakewar jama'a, ta kawo mini takardun darasinta a kan sauyin zaman al'umma da rashin daidaito tsakanin ƙasashe. Na iske Karl Marx da Max Weber, na iske masana'antun Ingila, amma ban ga Kadawa ba. Alhali kuwa abin da ake koya mata ya auku a Kura da Bunkure, kuma masana sun rubuta shi.

Littafin da nake nufi shi ne The Wheat Trap, wato Tarkon Alkama, wanda Gunilla Andrae da Björn Beckman suka wallafa a 1985. Hujjarsu ita ce, kuɗin man fetur ya sa burodi ya zama abincin birni, alkamar kuwa daga waje take zuwa, akasari daga Amurka. Da gwamnati ta so fita daga wannan ƙangi, sai ta dogara ga manyan ayyukan noman rani irin na Bakolori da na Kogin Kano, wanda madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974, ke shayarwa. Sai dai ƙwararru da injuna su ma daga waje ake kawo su da tsada, ga shi alkama ba ta yi sai da sanyin hunturu, wanda ba ya daɗewa a wurinmu. (Kakanninmu sun noma alkama da jigo a fadama, amma don alkaki da taliya, ba don ciyar da Legas ba.)

A nan marubutan sun yi gaskiya. An hana shigo da alkama a 1987, aka yi ta rububin nomanta, amma ba a je ko'ina ba aka ɗage hanin. Duk malamin da ke son nuna wa ɗalibi yadda ƙasa mai arziki ke ɗaure matalauciya ba tare da bindiga ba, to ga misali a ƙofar gida.

Inda na saɓa da su shi ne yadda manomi ya fito a littafin. A nawa karatun, an fi nuna shi a matsayin wanda ake yi wa, ba mai yi ba. Manomin Kura bai tsaya jiran masana ba. Ya karɓi ruwan, ya juya shi ga shinkafa da tumatir da albasa. Wanda ya ga injinan casar shinkafa a Kura, ko kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ya san tsarin da aka zana a takarda ba shi ne ya tabbata ba. Ba na cewa kowa ya ci riba. Mai kuɗin taki da ƙwadago ya karɓi gonaki haya da jingina, ciki har da 'yan kasuwa da mu ma'aikatan gwamnati, mai gonar kuwa ya koma ɗan ƙwadago a cikinta. Tina Wallace ta Jami'ar Ahmadu Bello ta yi nazarin irin wannan a rahotonta na 1979.

Haka kuma mai karatu zai buƙaci Sam Jackson, wadda a 1978 ta rubuta labarin yajin aikin matan da ke tsinkar wake a gonar wani kamfanin Turai a Kadawa, waken da ake kai wa Turai. Sa'an nan akwai masunta da manoman fadamar Haɗejiya da Nguru, waɗanda ambaliyar da suke dogaro da ita ta ragu bayan an tare ruwa a Tiga. Su ma suna cikin lissafin wannan aiki.

Na ba jikata littafin, na ce idan an yi hutu ta je Bunkure ta tambayi tsofaffi wa ke da gonar kafin a haƙa magudanan ruwa, wa kuma ke nomanta yanzu.