Kunnen Bakanike: Tsofaffin Motocin Kadawa da Bashin 'Yan Mazan Jiya

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wata magana ta yi kaka-gida a bakin masu sharhi. Wai tsofaffin motocin da ke jigilar tumatir da shinkafa tsakanin Bunkure, Kura da Kwanar Gafan shaidar talauci ce kawai, bakanikan da ke raya su kuma 'yan faci ne, bai kamata a kira aikinsu sana'a ba. Wasu har ƙarawa suke yi da cewa adana tsohuwar mota al'adar attajiran Ingila ce, waɗanda ke fito da motocin da aka ƙera kafin 1905 duk watan Nuwamba su yi jerin gwano daga Landan zuwa bakin teku, mu kuwa dole ce ta sa mu. Mai wannan magana bai taɓa tsayawa a gareji ya ga yadda ake tayar da injin da ya shekara arba'in ba. Baturen yana fito da tasa sau ɗaya a shekara, ya goge ta, ya mayar ɗaki. Namu kuwa yana so tasa ta tashi da asuba, ta ɗauki kwanduna har saman bodi, ta bi gefen kanal, ta dawo ta sake. Wanne ne a cikinsu ya fi buƙatar gwaninta?

Tarihin ba shi da tsawo. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya gangaro filayen Kadawa, noman rani ya kankama a Kura da Bunkure da Garun Malam. Shekara guda bayan haka, a 1975, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Amfanin gona da motar ɗaukarsa kusan tare suka zo. Akori-kura ƙirar 404 ta fara, 504 ta biyo baya, daga baya J5 ta shigo ta hanyar gwanjo ta zama jakar 'yan gwari. A wancan zamanin ana haɗa Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Marsandi a Inugu. Yawancin masana'antun nan sun durƙushe ko sun koma wani abu dabam, Kaduna ma ta daina fitar da 504 tun tsakiyar shekarun 2000. Motocin kuwa ba su bar hanya ba, kuma bakanike ne ya riƙe su.

Abin da ya fi burge ni a aikin nan shi ne sauraro. Kafin tsohon bakanike ya taɓa sifana sai ya ce wa direba, "Malam, tayar da ita mu ji." Ya tsaya ya karkata kai. Wani lokaci ya ɗauki dogon sukundireba ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya kara marikin a kunne, yana matsar da shi daga sama zuwa ƙasa. Kowace ƙara tana da mazauninta. In siririya ce, mai sauri, daga saman inji take fitowa, to bawul ne ke neman saiti, aikin ɗan lokaci ne kuma ba ya cin kuɗi. In kuwa mai nauyi ce, daga ƙasa, tana ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur, to metal ya cinye, kuma in aka yi wasa kiranshaf zai bi. A nan gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Ɗan koyo zai ce a sauke inji gaba ɗaya. Gwani zai bar injin yana aiki, ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Silindar da aka zare wa waya ta daina ƙona mai, nauyi ya sauka daga kanta, in a nan ciwon yake sai ƙarar ta lafa. Cikin 'yan mintoci ya san wace ce mai laifi a cikin huɗun, ba tare da ya kwance ƙusa ko ɗaya ba.

Ido na bin bayan kunne. Ya kwance fulogi ya duba bakinsa. Baƙi mai toka-toka, kafireto na ba da mai fiye da kima, ko ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa sun toshe matatar iska. Baƙi mai maiƙo, ringi ya mutu, baƙin mai na hawa sama. Fari fat, mai ya yi kaɗan, inji na ɗaukar zafi. Ya zagaya baya ya kalli salansa: hayaƙi shuɗi na baƙin mai ne, baƙi na fetur, fari mai tururi kuwa gasket ya ƙone ruwa ya shiga inda bai kamata ba. A yankin Kadawa wannan na ƙarshen ya fi yawa, domin direbobi ruwan kanal suke ɗurawa a lagireto, laka ta taru ta toshe hanyoyinsa, inji ya tafasa a tsakiyar zafin Maris, daidai lokacin da tumatir ba ya jira. Sannan a zo kan kwantak, wanda tazararsa ba ta kai rabin milimita ba. Na ga wanda ke saita ta da ɗan kwalin ashana, ya juya distiributa a hankali yana saurare har injin ya daidaita numfashi, sannan ya ɗaure. Duk wannan bincike ne mai tsari, daga alama zuwa dalili, ana kawar da zato ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda likitan kirki ke yi kafin ya rubuta magani.

Ita ma motar ta ba da haɗin kai. Injin 504 silinda huɗu ne, a kishingiɗe, kuma silib ɗinsa zarewa ake yi. In ya cinye sai a sayo sabo da fistin da ringi a Ƙofar Ruwa, a zura, injin ya koma saurayi ba tare da an jefar da gangar jikinsa ba. Waɗanda suka zana shi a Faransa, har motar ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, sun yi shi ne don a riƙa gyarawa. Abin da suka rage kuma namu suka cika: ƙarin sifirin a baya don ɗaukar lodi, walda a ƙarƙashi, bodin katako ko na ƙarfe daidai faɗin kwando.

Masu cewa na'urar kwamfuta ta kashe wannan ilmi ba su san na'urar ba. Lamba take nunawa, ba ta cewa ga ɓeran da ya ci waya. Kuma a jikin akori-kurar 1980 babu ma inda za a soka ta. Zancen shan mai gaskiya ne, kafireto ba ya tausayin aljihu, amma manomin da ke Bunkure lissafinsa dabam ne: motar da za a gyara masa yau a bakin hanya ta fi wadda za ta kwana uku tana jiran kaya daga Legas, tumatir na ruɓewa. Wanda na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne zancen birki. Motar da birkinta ya mutu ba ta da hurumin hawa titin Zariya komai tarihinta, kuma bakaniken da ya sallame ta a haka ya ci amanar sana'a.

To daga ina wannan tsari na bincike da kula da inji ya fito? A ganina daga bariki. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban 'yan Arewa sun shiga rundunar Afirka ta Yamma. Sun yaƙi Italiya a Habasha a 1941, sannan runduna ta 81 da ta 82 suka tafi Bama, aka yi ta gwabzawa da Japan har 1945. Sunayen barikin Chindit a Zariya da Kalapanzin a Kaduna daga can suka samo asali, kamar yadda Bukavu ta Kano ke tuna aikin Kwango na farkon shekarun 1960. Soja ba harbi kaɗai ya koya musu ba. Da yawa sun dawo da tuƙi da kanikanci da walda, a lokacin da mai iya tuƙa babbar mota a ƙasar Kano abin nunawa ne. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya maimaita haka da girma, domin rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba ta kumbura zuwa kusan 250,000, aka zo aka rage ta, mutane suka watsu cikin tashoshi da gareji da ma'aikatu, a daidai shekarun da ake haƙa kanal ɗin Kadawa.

Dubi abin da tsohon direba ke yi kowace safiya kafin ya murza makulli. Ya buɗe bonet, ya duba ruwa, ya zaro sandar baƙin mai, ya taɓa fanbel, ya zagaya tayoyi, ya leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Wannan duba na safe doka ce a kan direban soja, kuma wanda ya tsallake ta hukunci yake sha. Dubi yadda tsohon maigidan gareji ke ƙirga sifanu da yamma kafin yara su tashi, ko yadda yake jera ƙusoshin da ya kwance bisa tsarin da za su koma. Sana'o'inmu na gado, ƙira da jima da dukanci, sun ba gareji tsarin maigida da yaransa. Horon kula da inji kafin ya lalace kuwa, 'yan mazan jiya ne suka shigo da shi, suka koya wa karnukan motarsu, su kuma suka zama iyayen gidan bakanikan yau. Da tsohuwar zuma ake magani, amma mu mun sha maganin mun manta mai zumar.

Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ana ajiye furanni, a saki tattabaru, manya su maƙala bajo a ƙirji. Washegari tsohon soja ya koma layin tantance 'yan fansho, ko ya koma gadin ƙofar wani. Akwai motar wani soja da ƙasar nan ta adana wadda kowa ya sani, Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana gidan tarihi na Onikan a Legas. Ta cancanci wurinta. Amma kurtun da ya dawo daga daji ya kafa gareji a gindin bishiya, shi ma ya bar abin tunawa, kuma yana nan yana ɗaukar kaya.

Na Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Na yaƙin basasa mafi ƙuruciyarsu ya haura saba'in. Ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da sassan tarihi na jami'o'inmu su tura ɗalibai garejin Kura da Bunkure da ofisoshin ƙungiyar 'yan mazan jiya, a naɗi muryoyin tsofaffin nan, a tambaye su wa ya koya wa wa. A sayi akori-kura 404 guda, a ba tsofaffin bakanikai su gyara ta da hannunsu, a ajiye ta a Gidan Makama da sunayensu a jiki. Kafin duk wannan kuma, a biya su fanshonsu a kan kari.