An Sa Wa Baba Na'urar Zuciya, To Wa Zai Riƙe Lissafinta?

Yawancin jagororin kula da tsofaffi masu na'urar daidaita bugun zuciya an rubuta su ne don gidajen jinyar tsofaffi na Ingila da Amurka, inda akwai nas da fayil ga kowane mutum. A Talata Mafara, Bakura ko Maradun, gidan jinyar tsoho ɗakinsa ne, nas ɗinsa kuwa matarsa ce ko surukarsa. Duk da haka, irin waɗancan takardun ake miƙa wa iyali ranar sallama, da Turanci. A ganina wannan sakaci ne.

Abin da jagororin suka faɗa daidai ne. Batirin na kai shekara 5 zuwa 15, kuma ana son duba na'urar duk wata 6 zuwa 12. Sai dai sun ɗauka asibitin na bayan gida. Ba su yi zancen kuɗin mota zuwa Gusau ko Sakkwato ba, balle fargabar hanya. Ga wani abin da ba a cika bayyanawa ba: kowane kamfani, Medtronic ne ko Abbott, da nasa injin karantawa. In an sa wa Baba tasa a Indiya, katin ya ɓace, likita zai fara ne da lalube.

Sannan sukan tsaya kan cire na'urar kafin ƙona gawa, don batirin na iya fashewa. Mu da muke binnewa, ina ruwanmu da wannan? Abin da ya shafe mu shi ne wayar da dattijo ke sakawa a aljihun ƙirjin kaftani, daidai kan na'urar, alhali ana son tazarar santimita 15. Sai janareto, da injin ban-ruwa na masu noman rani a yankin Bakolori: kada ya duƙa a kansu suna aiki. Walda kuma ya ba ta wuri.

Tsarin da zai yi aiki a nan ba shi da tsada. Takarda guda da Hausa, boko ko ajami, mai sunan kamfani, ranar sawa, adadin bugun da aka saita (galibi 60 a minti) da ranar komawa. A koya wa mutum ɗaya a gidan ƙirga bugu a wuyan hannu. In ya sauka ƙasa da adadin, ko jiri da suma suka dawo, ko wurin ya kumbura yana ruwa, asibiti za a nufa a ranar, ba kemis ba.