A bar wa tirabatin ramukansa

Yayin dutsen tirabatin ya dawo. Teburin falo, bangon otal, daɓen banɗaki, duk shi ake nema, har masu kamfanin tayil sun koma buga zanensa a kan kayansu. Abin da ban yarda da shi ba a wannan yayi shi ne yadda ake bin ramukansa ɗaya bayan ɗaya ana toshewa da siminti ko danƙo, sannan a goge shi sai ya ɗauki ƙyalli irin na mabul.

A bakin maɓuɓɓugar ruwan zafi dutsen ke samuwa. Ruwan yana fitowa ɗauke da sinadarin farar ƙasa, yana ajiye shi shimfiɗa bisa shimfiɗa, kumfan iska da ciyawa su maƙale a ciki, su bar gurbinsu. Wannan gurbi shi ne kyan dutsen. Daga Tiboli, gabas da birnin Rum, aka haƙo wanda aka gina Kolosiyam da shi, filin wasan da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, kuma har yau ana haƙarsa a can. Daga nan ne mai zanen gine-gine Richard Meier ya kwaso tan 16,000 don ginin Getty na Los Anjeles da aka buɗe a 1997. Yawancinsa tsaga shi aka yi bisa jijiyarsa, aka bar fuskarsa da kaushinta, har mai wucewa yana iya ganin sawun ganye a jikin bango. Da an goge shi, da duk wannan ya tafi.

Masu toshewa suna da hujja a wuri guda: daɓe. Rami a ƙasa matattarar datti ce, kuma ƙafar kujera na faɗaɗa shi. Nan kam a cike, amma a san cewa cikon yakan ɓalle, sai an riƙa sabuntawa. Teburin kicin kuwa kada ma a fara yin sa da tirabatin, domin ɗigon lemon tsami kaɗai ya isa ya ci fuskarsa ya bar tabo.

Mai saye ya je ya ga fallayen da idonsa, ya tambaya ko a kan jijiya aka yanka ko a gicciye, don zanen ya sha bamban. In ƙyalli yake so, ya sayi mabul ya huta. In kuwa tirabatin ya zaɓa don bango, to ya hana magini taɓa ramukan.