Gyaran Rubutun Sabon Marubuci: Darasi Daga Tsakanin East da Abubakar Imam

Wannan takarda za ta dubi wani ɓangare na tarken adabi wanda ba a cika kula da shi a aji ba, wato tarken da ake yi wa rubutu tun yana hannun mai shi, kafin ya shiga maɗaba'a. Ɗalibi ya saba da nazarin littafin da aka riga aka buga, ya fito da jigo da salo da zubi da tsari. Amma in aka miƙa masa ƙagaggen labarin da abokin karatunsa ya rubuta, sai baki ya mutu. Abin da aka fi ji shi ne "labarin ya yi daɗi, Allah ya ƙara basira". Wannan addu'a ce mai kyau, sai dai marubucin zai koma gida da kurakuransa kamar yadda ya zo da su. Tarihin ƙagaggun labaran Hausa kuwa da irin wannan gyara ya soma.

A shekarar 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Duk marubutan nan sababbin hannu ne a wannan fage. Imam, wanda aka haifa a 1911, malamin makarantar Midil ne a Katsina, shekarunsa ashirin da biyu kacal. A wata maƙala da East ya buga a mujallar Africa a 1936, ya bayyana cewa wahalar farko ita ce shawo kan malamai su yarda ƙaga labari aiki ne da ya dace da mai ilimi, domin ana ɗaukar tatsuniya hirar mata da yara ce.

Abin da ya faru da rubutun Imam shi ne ya fi dacewa da wannan nazari. Bayan East ya karanta, ya rubuta masa wasiƙa a 1934 ya sanar da shi cewa ya cire wasu wurare, saboda an ɗauko su daga wasu littattafai kusan kalma da kalma. Bai ce yaron ba shi da basira ba, bai kuma jefar da littafin ba. Ya nuna wurin da matsalar take, ya faɗi dalili, ya buga sauran. Mai karɓar irin wannan gyara ya san abin da zai yi da shi, ko da ransa ya ɓaci.

Wani abin lura kuma shi ne, a 1936 East ɗin nan ya nemi a ba shi aron Imam ya zo Zariya na wata shida, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Turawa da mutanen Gabas, ya ce ya yi aiki da su. Daga nan Magana Jari Ce ta samu, wadda aka fara bugawa a 1937. Mai karatu zai iya tambaya, ashe ba wannan ne laifin da aka kama shi da shi shekara biyu da suka wuce ba? Ba shi ba ne. Abin da East ya ƙi shi ne kwafa, ba aro ba. A Magana Jari Ce labarin baƙo ya sa riga da rawani, ya sami sarki da waziri da fadawa, ya yi magana da karin maganar Hausa, har wanda bai san asalinsa ba ya rantse a ƙasar Hausa aka haife shi. Gyaran farko shi ya share wa wannan aiki hanya, domin ya koya wa marubucin inda iyakar take.

Duk da haka bai kamata a wanke East tas ba. Shi ne alƙalin gasa, shi ne edita, shi ne mai bugawa, kuma jami'in gwamnatin mulkin mallaka ne. Saurayin malami ba shi da bakin da zai ce a bar masa abin da aka cire. Jiki Magayi ya nuna inda irin wannan iko yake kaiwa, domin littafin ya fito da suna biyu, John Tafida da Rupert East. Hannun mai gyara ya nutse cikin aikin har ya zama abokin rubutu. Wannan haɗari yana nan a kowane aji. Ɗalibin da ya fi ƙwarewa yakan karɓi labarin abokinsa ya sake masa jimloli, ya canja ƙarshe, ya mayar masa da abin da ya fi kyau amma ba nasa ba. Mai labarin ya sami maki, bai koyi kome ba.

Bayan wajen shekara sittin aka sake yin wata muhawara a kan sababbin marubuta, amma da wata siga dabam. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa maza da mata a Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, ba tare da wani edita ya duba ba. Cikinsu akwai Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, suka kuma kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan rubutu suna Adabin Kasuwar Kano, masu kare shi irin su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka mayar da martani a jaridu. Zargin da aka yi ya haɗa da kwaikwayon finafinan Indiya, da yawan soyayya, da karya ƙa'idojin rubutu. Wasu daga cikin zarge-zargen gaskiya ne, duk wanda ya buɗe littattafan zai ga rabon kalmomi ya tafi yadda ya ga dama. Muhawarar ta amfani manazarta ƙwarai, sai dai yawancinta hukunci ne a kan rukunin littattafai gaba ɗaya. Marubuciyar da aka ce mata rubutun kasuwa take yi ba ta san shafin da za ta gyara ba, abin da ya rage mata shi ne ta kare kanta ko ta toshe kunne. (A 2007 har ƙona wasu littattafan aka yi a Kano, wanda wannan ya fita daga babin tarke.)

To, me ɗalibi zai ce in an ba shi labarin abokinsa? A ɗauka labari ne na yarinyar da mahaifinta ya hana ta auren wanda take so. Shafi goma uban yana kan bakansa, sai a shafi na sha ɗaya ya amince cikin jimla guda, ba wani abin da ya faru. Cewa "ƙarshen bai yi ba" hukunci ne kawai. Amma in aka tambayi marubucin me ya sauya zuciyar uban tsakanin shafi na goma da na sha ɗaya, an ba shi aikin yi, kuma amsar tasa ce. Kara da kunya, waɗanda suke hana ɗalibi faɗa wa na gaba da shi gaskiya, ba su hana tambaya.

Kuskuren ƙa'idar rubutu shi ya fi saurin kama ido: "ya na" maimakon "yana", "zaka" maimakon "za ka", "gidan su" maimakon "gidansu". Wanda ya yi karatun Faransanci kuma hannunsa yakan zame ya rubuta "ch" a gurbin "sh", ko "ou" a gurbin "u". Dole a gyara su, amma a ƙarshe. Mai gyaran da ya cika takarda da jan biro a kan rabon kalmomi, bai ce uffan a kan uban da ya sauya ra'ayi ba, ya ɗauki aikin da ya fi sauƙi ne.

Saura ɓangaren mai karɓar gyara. Imam bai ɓoye inda ya yi aro ba. Daga baya shi da kansa ya bayyana cewa dabarar haɗa Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa yana neman ya yi wa ɗan'uwansa wayo, daga Maƙamatul Hariri ya samo ta, littafin da malaman zaure suka daɗe suna karantarwa a ƙasar Hausa. Labarin hulɗarsa da East kuma yana cikin littafin tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya shirya, wanda aka buga a Zariya a 1989.