Littafin Biki: Inda Kuɗi da Ƙawance Suke Haɗuwa

Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san littafin nan. Tsohon littafin rubutu ne na 'yan makaranta, bangonsa ya sha maiƙo, ana ajiye shi ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla. Ranar suna ko aure, aminiyar uwar biki ce ke riƙe da shi a ƙuryar ɗaki. Wance ta kawo dubu biyu da turmin atamfa, a rubuta. Wance kwano uku na shinkafa, a rubuta. Wata tsohuwa ta kwance bakin zane ta fiddo ɗari biyar da ta sha ninki, ita ma a rubuta.

Baƙo zai ce ai wannan bashi ne. Yana da hujja, domin tsohuwar ƙa'idar biki ita ce in naki ya tashi na kawo, ranar nawa ki ninka, har abin ya yi nauyi a koma ƙasa a sake farawa. Wata mai bincike, Polly Hill, ta tarar da wannan al'ada a Batagarawa kusa da Katsina, ta kuma bayyana ta a littafinta na 1972. Kafin nan Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta ba da labarin ƙawance mai tafiya da musayar kyauta.

Ni dai ina ganin ninkin nan hikima ce. Bashin da aka biya daidai ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Wanda aka ninka kuwa ba ya ƙarewa, kullum akwai mai bin wata, kullum akwai dalilin taka ƙafa zuwa gidan wata. Kakanninmu ba su zauna suna auna kuɗi da aminci don ganin wanne ya fi ba. Sun ɗaure kuɗin ne ya yi wa amincin aiki. Shi ya sa addu'ar da ta fi yawa a bakinmu rufin asiri ce, kuma asirin mutum mutane ke rufa shi.

Mun ga haka a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Mai miliyoyi a banki ya wuni a layi bai samu na cefane ba, ga wata ta aika yaro wurin mai shagon da suka shekara goma suna hulɗa, ya dawo da garin tuwo, sai an samu a biya.

Abin da ke damuna shi ne yadda al'adar ta fara juyewa. Anko ya shigo, liƙi ya zama gasa, tsadar rayuwa ta sa ninki ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Na san wadda ta daina zuwa bikin ƙawarta ta ƙuruciya don kunyar zuwa hannu rabbana, alhali a da zuwan nata da kama aikin tukunya ma gudummawa ne. Wata kuma tana turo kuɗi ta waya daga inda take, a rubuta sunanta a littafi, amma ba a ga fuskarta ba, babu ita wajen kwashe tuwo, babu ita wajen rakiyar amarya.