Guzaarish: Rufi Mai Yoyo da Roƙon Mutuwa

Masu kallon finafinan Indiya sun saba ganin Hrithik Roshan yana tiƙar rawa. A cikin Guzaarish, wanda Sanjay Leela Bhansali ya ba da umarni a 2010, a kwance yake, daga wuya zuwa ƙasa ba abin da ke motsi. Sunansa Ethan, tsohon ɗan dabo a Goa, wanda ya faɗo daga sama ana tsakiyar wasa. Bayan shekara 14 a haka sai ya kai ƙara kotu, yana roƙon a ba shi izinin mutuwa, abin da ake kira kisan jinƙai.

Inda fim ɗin ya fi taɓa zuciya shi ne daren da aka yi ruwa. Rufin ɗakin na yoyo, ɗigon ruwa na sauka daidai goshin Ethan, yana kira ba mai ji, ba shi da ikon matsawa ko taku ɗaya. Bhansali na so mu ce ai wannan ba rayuwa ba ce. Amma a dubi lamarin da kyau. Abin da bawan Allahn nan yake bukata a daren shi ne mutum guda da zai tura gadon gefe, da kafintan da zai gyara rufin da safe. An nuna mana rashin mai jinya a kusa, aka ce mu ɗauke shi hujjar mutuwa. Wannan rashin yana da magani, kuma mai araha.

Haka ma lokacin shari'a, inda Ethan ya sa aka kulle lauyan gwamnati cikin akwati na daƙiƙa 60 don ya ɗanɗana halin da yake ciki. Dabara ce mai burgewa, sai dai ta rufe bakin gardama. An mai da lauyan abin dariya, shi ke nan ba sauran mai yi wa Ethan musu da hankali. Mai kallon da addininsa ya koya masa cewa rai amana ne zai nemi wanda zai faɗi nasa ra'ayin da ƙarfi, ya rasa.

'Yan watanni bayan fitowar fim ɗin, a watan Maris na 2011, Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukunci kan Aruna Shanbaug, ma'aikaciyar jinya a asibitin KEM na Mumbai, wadda ta fita hayyacinta tun harin da aka kai mata a 1973. Marubuciya Pinki Virani ce ta nemi a daina ciyar da ita. Abokan aikinta, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna mata wanka suna ba ta abinci, suka ce ba su yarda ba. Kotu ta ƙi roƙon, amma ta halatta janye na'urorin riƙe rai bisa tsauraran sharuɗɗa. Aruna ta rayu har 2015.

Irin waɗannan matan ne babu a Guzaarish. Sofia, mai jinyar da Aishwarya Rai ta fito a matsayinta, tana aiki cikin jan baki da doguwar riga kamar mai zuwa biki, a ƙarshe kuma ita ce ta ɗauki alkawarin taimaka masa ya mutu. Fim ɗin ya ƙare a walimar bankwana, ana dariya ana rungumar juna, ba a nuna mana Sofia tana cika alkawarin ba.