Wayar Hannu a Ajin Yaƙi da Jahilci: Nazarin Gwajin Dosso da Damagaram, da Dacewarsa da Ƙasar Bagudo

A shekarar 2012 masana uku, Jenny Aker da Christopher Ksoll da Travis Lybbert, suka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Jamhuriyar Nijar, wanda a ke kira Shirin ABC. Ƙungiyar Catholic Relief Services ce ta gudanar da azuzuwan manya tun daga 2009, a ƙauyuka 113 na jihohin Dosso da Damagaram. Aka yi ƙuri'a, kimanin rabin ƙauyukan suka sami koyarwa irin ta yau da kullum, sauran kuwa aka ƙara musu da wayar hannu, ɗaya ga kowane mutum biyar, aka koya musu gane lambobi da aika saƙo a rubuce. Da aka yi jarrabawa sai masu wayar suka fi, ko da ya ke ba da tazara mai yawa ba. A lissafi fifikon nan ya wanzu har wata bakwai bayan an tashi aji.

Aikin yana da kyawun tsari, ƙuri'ar nan kuwa ita ce ƙarfinsa, don ba wanda zai ce an zaɓi ƙauyuka masu himma ne aka ba su waya. Abin da ya kamata malamin kwalejin horo ya lura da shi shi ne dalilin nasarar. Ba wani darasi aka zuba a cikin wayar ba. Ta dai ba ɗalibi abin da zai yi da karatunsa bayan ya koma gida, watau ya tambayi farashin gero, ko ya gai da ɗansa da ya tafi cin rani. Wannan ba sabon tunani ba ne a Arewa. A zamanin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan jaridun larduna, kamar Zaruma ta Lardin Sakkwato da Himma ta Katsina, don kada wanda ya iya karatu ya rasa abin karantawa, ilmin ya zube.

To, ko za a iya ɗaukar wannan sakamako a dasa shi a Bagudo? A ido abin kamar mai sauƙi ne. Jihar Dosso tana maƙwabtaka da Jihar Kabi, mutanen Illo da Lolo da Tsamiya kuwa suna hulɗar kasuwa da na Gaya da na Malanville ta ƙasar Binin. Manomi da masunci da ɗan kasuwa na nan bukatarsu kusan ɗaya ce da ta takwarorinsu na can.

Amma fa akwai matsala babba, wadda ba laifin marubutan ba ce, zamani ne ya kawo ta. Wayar 2009 ba ta ba mai ƙaramin ƙarfi zaɓi mai yawa: ko ya kira da tsada, ko ya rubuta da araha. Tsadar kira ita ta kora mutane ga haruffa. Tun da WhatsApp ya shigo da saƙon murya a 2013, wanda ya ke da babbar waya zai iya aika maganarsa har Kwatano bai taɓa harafi ko ɗaya ba. Saboda haka malamin da ya raba wayoyi yau yana zaton rubutu zai biyo baya da kansa, lalle ya jingina ga dalilin da ya riga ya raunana. Sai ya ƙirƙiro bukatar da kansa, misali ya sa kowane ɗalibi ya adana sunayen abokan cinikinsa a waya da hannunsa, ya rubuta bashin da ya ke bi, ya karanta saƙon banki da ke sanar da shigar kuɗi. Waɗannan murya ba ta maye gurbinsu ba tukuna.

Na biyu, an yi koyarwar Shirin ABC da harsunan gida, Hausa da Zabarmanci. Don haka bai tabbatar da kome ba game da koyon Ingilishi, bai kuwa kamata a kafa shi hujja a kan wannan ba. A bakin iyaka ma abin ya fi haka sarƙaƙiya, domin takardar da a ke nuna wa mutum a wannan gefe da Ingilishi ta ke, ta wancan gefe da Faransanci, kuɗi kuma naira da sefa. Ga kuma waɗanda Hausa ba ita suka sha a nono ba, kamar Fulani da Dandawa da Kengawa. Mai yiwuwa abin da zai fi ɗorewa a nan shi ne wanda ya ɗore a Nijar, watau lissafi, tun da canjin sefa zuwa naira aiki ne na kowace ranar kasuwa.

Saura batun haruffa masu lanƙwasa. Ƙananan wayoyi masu maɓalli ba su da ƙ da ɗ da ɓ, har a kan rubuta ƙafa da kafa, ko ɗaki da daki, iri ɗaya. Ƙwararre ya kan gane daga zubin magana, amma sabon shiga, wanda malaminsa ya sha wahala kafin ya raba masa su a allo, zai ga wayar tana warware abin da aka ɗaura masa da safe. Manyan wayoyi suna karɓar allon rubutu na Hausa, sai dai a sa shi tukuna, wannan kuwa aikin malami ne tun ranar da aka buɗe aji.